Tumbi ba arziki ba ne, tafiya a ƙasa ba talauci ba ce

A Kaduna, in aka ga magidanci mai tumbi yana tafiya a ƙasa da sassafe, ɗayan biyu ake zato: ko motarsa tana wurin bakanike, ko likita ya tsorata shi. Mun taso da wani lissafi wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba amma kowa ya haddace shi: yaro da talaka su taka sayyada, mai ɗan hali ya hau acaɓa ko Keke Napep, wanda Allah ya buɗa wa ya shige mota ya ɗaga gilas. Tumbi kuwa shi ne shaidar an ci gaba. A ganina wannan lissafi yana cin rayukanmu a hankali, kuma shi ne ya fi tare wa mai ƙiba hanyar komawa lafiya, fiye da lalaci, fiye da rashin kuɗin shiga gidan motsa jiki.

Ni haifaffen Unguwar Shanu ne. Muna yara, da ƙafa muke zuwa kasuwar Kawo ranar Talata, da ƙafa muke zuwa kallon Ranchers Bees mu dawo bayan magariba, ba wanda ya taɓa kiran wannan motsa jiki. Daga baya na samu aikin zama, kujera tun safe har la'asar, sannan mota, sannan shayi mai kauri da burodi da ƙwai da daddare. Jiki ya buɗe har na haura kilo 100. Abin da jama'a suka ce kuwa duk yabo ne. “Kai Alhaji, hutu ya karɓe ka!” “Uwargida ta iya kiwo, Allah ya ƙara buɗi.” Tela ya ƙara yadi, shi ma da murmushi. Jikin ne kawai bai shiga yabon ba. Zaman tahiya ya koma aiki, in na yi sujada numfashi na tokarewa a ƙirji, hawa bene ɗaya sai na tsaya a tsakiya ina yi kamar ina duba waya. Da aka auna jinina, ya haura 140 bisa 90, iyakar da likitoci ke kira hawan jini.

Ba ni kaɗai ba ne, duk wanda ke sallah a masallatan unguwa zai ba da shaida. Shekaru talatin baya, kujerar roba a gefen sahu ta tsoho ce ko wanda ya yi haɗari. Yau za ka ga ɗan shekara arba'in da 'yan kai a kanta, gwiwa ta ƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta kai matsayin cuta, kuma kashi 31 cikin 100 na manya, wajen mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon bukata. Abin da hukumar ta kira gwargwadon bukata bai taka kara ya karya ba: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici irin tafiya da ɗan sauri. Wato rabin awa, kwana biyar a mako, ya shigar da mutum sahu.

Wanda ya fara tabbatar da amfanin motsa jiki da hujja wani likita ne a Ingila mai suna Jerry Morris, kuma a tashar mota ya samo hujjar. Ya bi ma'aikatan bas-bas masu hawa biyu na birnin Landan, wajen mutum dubu 31. Direba yana zaune kusan duk lokacin aikinsa, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hayaƙi ɗaya, kusan rayuwa iri ɗaya. Sakamakon da ya fitar a 1953 ya nuna ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Aka ce ai don direbobi sun fi ƙiba ne. Sai ya nemo ma'aunin wandunan yunifom da kamfanin ke raba wa ma'aikata, ya tarar cewa kwandasta, ko siriri ko mai jiki, ya fi direba tsira. Motsin kansa kariya ne, ko da tumbin bai gama sauka ba. Duk mai tuƙa bas daga Kawo zuwa babbar kasuwa ya dubi yaron motarsa da kyau.

A Amurka kuma, wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2002 ya bi mutum sama da 3,000 masu ƙiba waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwon sukari ba. An ba wasu ƙwayar metformin. Wasu kuma aka sa su gyara cin abinci, su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa motsa jiki na minti 150 a mako, galibi tafiya. Cikin kimanin shekara uku, ƙwayar ta rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100, gyaran ci da tafiya suka rage da kashi 58. Kashi 7 ga mai kilo 100 kilo 7 ne kacal. Ba a ce sai ya koma kamar yadda yake ranar aurensa ba.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke karaya, don haka gara a faɗi gaskiya tun wuri: tafiya ita kaɗai ba ta narkar da tumbi da sauri. Mai kilo 100 in ya yi tafiyar kilomita ɗaya, abin da zai ƙona bai wuce kalori 70 ko makamancin haka ba. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da kalori wajen 200, da sukarin da ya haura ƙwaya 10 na sukarin kwali. Mutum ya yi tafiyar kilomita uku, ya dawo da ƙishi ya kwankwaɗi roba ɗaya mai sanyi, ya mayar da abin da ya fitar. Kilo ɗaya na kitse kuwa ya kai kalori 7,000 da ɗoriya. Shi ya sa wanda ya ɗora idonsa a kan sikeli kaɗai yakan ajiye takalmi kafin wata ya zagayo. Nauyi a kwanon abinci aka fi rage shi: malmalar tuwo ta ragu, miya da ganye su ƙaru, sukarin shayi da na fura ya ja baya, cin dare mai nauyi ya zama na jefi-jefi. Aikin tafiya daban ne. Tana sauke hawan jini, tana sa tsoka ta zuƙe sukari daga jini, tana gyara barci, tana kuma taimakawa kada abin da aka rage ya dawo. Waɗannan suna bayyana tun sikeli bai ce komai ba. Ni da na kama tafiya, a sujada na fara ganin canji, tun tela bai gani ba.

In ana son ma'aunin da ya fi sikeli faɗin gaskiya, igiya ta isa. A yanke ta daidai tsawon mutum, a ninka biyu, a zagaya ta a ciki daidai saman cibiya kaɗan. In bakin bai haɗu ba, ƙugun ya wuce rabin tsawo, kuma kitsen cikin nan shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da na zuciya.

To, ta ina mai nauyi zai fara? Kada ya fara da gudu, kada kuma ya koma filin ƙwallo ranar Lahadi don ya nuna wa samari cewa shi ma a da ɗan wasa ne. Gwiwar da ke ɗauke da ƙarin kilo 25 ba irin ta da ba ce. Masu bincike sun auna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Haka lissafin yake in aka juya shi. Injin da ya daɗe a ajiye ba a tayar da shi a take masa totur. Minti goma ya isa mafari, biyar zuwa biyar dawowa. In jiki ya karɓa, mako mai zuwa a ƙara minti biyu ko uku. Ma'aunin sauri kuma a baki yake: ka iya magana da abokin tafiya, amma numfashi ya hana ka jan dogon labari. In ko gaisuwa ta gagara, ka wuce gona da iri. Wanda ba shi da rabin awa a dunƙule ya raba ta: kaɗan bayan asuba, kaɗan bayan abincin rana, kaɗan bayan na dare. Ta bayan cin abinci ma tana da riba ta musamman, don tana rage hawan sukarin da ke biyo bayan tuwo ko shinkafa.

Kada kuma wayar hannu ta tsorata kowa da maganar taku dubu 10. Wannan adadi ba daga asibiti ya fito ba. Wani kamfani ne a Japan ya yi amfani da shi a 1965 wajen tallar na'urar ƙirga taku. Binciken da masana a Jami'ar Harvard suka fitar a 2019 kan tsofaffin mata sama da dubu 16 ya nuna masu taku wajen 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa a shekarun da aka bi su, kuma ribar tana hawa har zuwa wajen 7,500 kafin ta daidaita. Wanda ya fi kowa cin riba shi ne wanda ya tashi daga babu zuwa kaɗan.

Akwai abubuwan da masu ba da shawara sirara ba sa faɗa, don ba su taɓa jin su a jikinsu ba. Cinya tana gugar cinya har fata ta saɓule. Maganinta ɗan man shafawa mai kauri da gajeren wando mai kama jiki a ƙarƙashin na sama. Silifas da takalmin fata mai santsi suna jawo ciwon diddige, gara kambas ko da na gwanjo ne daga Kasuwar Barci, in dai ƙasansa na da taushi kuma yatsu sun sake. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, domin ƙaramin ciwo da bai ji zafinsa ba yana iya zama babba. In yana allurar insulin ko shan ƙwayar da ke sauke sukari sosai, ya sa dabino biyu a aljihu. Wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini, ko ya daɗe bai motsa ba, ya fara zuwa a auna shi. In ana cikin tafiya aka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya yanke fiye da kima, a tsaya a nufi asibiti. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne. A watannin Maris da Afrilu a fita kafin rana ta ɗaga. Da hunturu mai asma ya rufe hanci ko ya jira ƙura ta lafa. Da azumi, bayan asham ya fi sauƙi. A bakin titi kuma a riƙe gefen hagu, a fuskanci motocin da ke tahowa.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da idon jama'a. Bayan sallar asuba Unguwar Shanu tana da daɗin tafiya. Mai ƙosai tana hura wuta, 'yan garuwa na tura kura cike da jarkoki, yara na wucewa makarantar allo, iska ba ta cika da hayaƙi ba tukuna. Kana cikin tafiya, gumi ya fara jiƙa riga, sai mota ta rage gudu a gefenka, gilas ya sauka.

“Alhaji! Lafiya dai ko? Ina motar?”

“Tana gida, ranka ya daɗe. Ɗan motsa jini nake yi.”

“Haba Alhaji, kamarka? Shigo in rage maka hanya, don Allah.”

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma ƙin karɓar alheri a wurinmu abin kunya ne. Kafin ka kai titin Ali Akilu an tsaya maka sau biyu ko uku. A majalisa da yamma kuma a ce, “Mun ga Alhaji ya shiga soja,” a kwashe da dariya. Na san magidanta da wannan 'yar dariyar ta mayar da su gida har yau. Wasu kuma sai su tuƙa mota har Dandalin Murtala, su sauka su zagaya a can inda tafiya ta zama ado, su koma mota. Ban ga laifinsu ba, kuma tun da aka gyara dandalin aka buɗe shi a farkon 2022 ya zama wurin da mutum zai yi gumi ba a kalle shi ba. Amma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tafiyar da sai an ƙona fetur kafin a fara ta ba za ta ɗore wa yawancinmu ba. Wadda ke ɗorewa ita ce mai farawa daga ƙofar gida: ka wuce masallacin layinku ka tafi na gaba, ka sauka daga bas tasha ɗaya kafin taka, ka je Abakpa sayen abu da ƙafarka maimakon aiken yaro, ranar Juma'a ka taka zuwa Masallacin Sultan Bello in gwiwa ta yi ƙwari. Malamai sun sha faɗa mana akwai lada a kowane taku zuwa masallaci, amma mu ne muke hawa babur zuwa sallar da ake jin kiranta daga tsakar gida.

Na mata ya fi namu wuya. Mace takan ƙara nauyi bayan kowace haihuwa, aikin gida yana gajiyar da ita ba tare da ya sa zuciya ta yi aikin da ake bukata ba, kuma in ta fito tafiya ba da aike ba, tambayoyi sun fi na namiji yawa. Ga kuma wata musiba: 'yan mata da amare na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki a ce sun samu hutu. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, irin su dexamethasone, suna kumbura fuska da ciki, su tayar da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi. Bayan shekaru kuma a koma neman shayin rage tumbi daga mai lasifika a bakin kasuwa, wanda galibi gudawa kawai yake sa mutum, ruwan jiki ya fita a zaci kitse ne. Maigidan da ke saya wa matarsa maganin hawan jini duk wata, amma yake jin nauyin ta fita ita da maƙwabtanta biyu cikin hijabinsu su zagaya layi bayan asuba, ya sake lissafi. In fitar ce ba ta yiwuwa, ya raka ta da kansa, ko a share mata tsakar gida ta zagaya. Makarantun Islamiyya na matan aure suna iya ware rubu'in awa kafin karatu a harabar makaranta, ba sai an kashe ko kwabo ba.

Hukuma ma tana da nata kason. Aikin sabunta birni da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2019 ya kawo faffaɗan tituna, da sabuwar gadar Kawo, da gefen tafiya a wasu manyan hanyoyi. An yi gasar gudun fanfalaki ta Kaduna a watan Nuwamban 2020, an ga zakaru daga ƙasashen waje. Wannan duk abin yabo ne, amma lafiyar gari ba a ranar gasa ake gina ta ba. Mai kilo 110 da ke cikin lungun Unguwar Shanu ko Hayin Banki ko Unguwar Kanawa bukatarsa ƙarama ce: gefen titi da ba a mayar da shi wurin ajiye mota ko baje kaya ba, kwata mai murfi, fitila mai ci da asuba, da tsaron da zai hana masu ƙwacen waya yin farautar masu sammako. A buɗe filayen makarantun gwamnati na awa ɗaya da safe da ranakun hutu. Asibitocin unguwa su riƙa auna jini da ƙugu ga duk wanda ya shigo, su kuma rubuta masa minti nawa zai yi tafiya kamar yadda ake rubuta ƙwaya. Kada a manta, hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kai mutane kan injin wankin ƙoda.

Masu niyyar aikin Hajji su ma su ji. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa daga tantunan Mina da dawowa cikin zafi da cunkoso. Mutum yakan shekara biyar yana tara kuɗin kujera, amma bai ware wata uku ya shirya ƙafar da za ta yi aikin ba, sai an tashi daga sansanin alhazai na Mando an isa can ya koma neman mai tura keken guragu. Masu bitar alhazai su sa tafiya cikin darasi tun daga ranar farko.

Roƙona ga mutanen unguwa kaɗan ne. In ka ga maƙwabcinka mai jiki yana tafiya yana gumi, ka yi masa sallama ka ce Allah ya ba da lafiya, ka wuce da motarka. In abokin majalisa ne, ka ajiye zolayar. In za ka iya, gobe ka ƙwanƙwasa masa ƙofa ku fita tare, don wanda ake jira a waje ba ya komawa barci. Mu daina yi wa tumbi barka. Kai kuma da nauyi ya danne, kada ka jira ranar da za ka sayi kayan wasanni ko ranar da kunya za ta tafi da kanta. Je a auna jininka a wannan makon, ka nemi takalmi mai taushi, ka fara da minti goma. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.